A Ɗauki Majina A Kafanchan Tun Kafin A Haƙa Kabari

A cikin watan Yuli na shekarar 2023 wani ciwo ya shiga unguwannin Kafanchan, ya faɗa wa yara ƙanana. Yaro zai kwanta da zazzaɓi, ya wayi gari da ciwon maƙogwaro, wuya ya kumbura, numfashi ya riƙa fita da ƙyar, kafin iyaye su san abin da ake ciki sai a ce rai ya yi halinsa. Jaridu suka riƙa kiransa baƙon ciwo, har aka ba da labarin rasuwar yara wajen goma. Daga baya Gwamnatin Jihar Kaduna ta fito ta shaida wa jama'a cewa mashaƙo ne. Mashaƙo fa, jama'a! Ciwon da aka gano allurar rigakafinsa kusan shekara ɗari da suka wuce, wanda kuma tun a watan Disamba na 2022 aka kai wa hukumar NCDC, mai yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa, rahoton ɓullarsa a Kano da Ikko. Wata bakwai cur ke nan aka samu na shiri. Abin da ake buƙata don tabbatar da wannan ciwo kuwa shi ne tsinke mai auduga a kai, a shafo maƙogwaro da hancin yaro, a kai ɗakin bincike.

Mun kawo wannan magana a shafin nan domin ku, 'yan'uwanmu mazauna Kurmi, na Agege da Idi-Araba da kasuwar Mile 12 a Ikko, na Sabon Badun da na Shagamu, na Anacha da Inugu da Fatakwal. Da yawa daga cikinku 'yan Jema'a ne, ko Zangon Kataf, ko Kachia, ko Jaba, ko Kaura, waɗansu kuma ta nan motarsu take ratsawa duk lokacin da suka nufi gida. Ku ake bugo wa waya tsakar dare a ce yaro ba ya iya numfashi, ku kuke aika kuɗin magani, ku ne kuma kuke aika kuɗin likkafani ko na akwatin gawa. Saboda haka kuna da hakkin ku tambayi mahukunta abin da ya hana a riƙa sanin sunan ciwon da ke yawo a garuruwanku tun yana kan mutum biyu ko uku.

Shi mashaƙo ƙwayar bakteriya ce ke kawo shi. Amma tsinken audugar nan ya fi yin aiki a kan wata runduna dabam, watau ƙwayoyin bairos masu kama hanyar numfashi: mura mai tsanani da likitoci ke kira infuluwenza, da korona, da wata da ake ce wa RSV, mai toshe ƙirjin jarirai. Dukansu kamanninsu ɗaya a idon mai jinya, sau da yawa har a idon likita: zazzaɓi, tari, ciwon jiki, yoyon hanci. Ba a rarrabe su sai da gwaji. Yadda ake yi shi ne a zaɓi waɗansu asibitoci su zama kamar masu tsaron ƙofar gari. Kowane mako, daga cikin waɗanda suka zo da tari da zazzaɓin da ya kai awo 38, wanda bai wuce kwana goma da farawa ba, sai a ɗebi waɗansu, haka kuma waɗanda ciwon ya tsananta musu har aka ba su gado. Ma'aikaci ya sa tsinken a hanci, ya juya, ya zaro, ya tsoma shi cikin 'yar kwalba mai ruwan da ke adana ƙwayar cuta, kana ya rubuta shekarun mutum da garinsu da ranar da ciwon ya fara. A ajiye kwalbar cikin sanyi, a isar da ita ɗakin bincike kafin kwana uku, inda na'urar PCR za ta faɗi ko wace ƙwaya ce. Ɗaukar ba ta kai minti ɗaya ba. Hawaye kan zo, atishawa kan biyo baya, iyakarta ke nan.

Abin takaici, a Jihar Kaduna ɗin nan aka fara koya wa Nijeriya, kai, har da Afirka baki ɗaya, tsadar rashin sanin sunan cuta da wuri. A watan Janairu na 2006 kaji suka riƙa zubewa a gonar Sambawa da ke Jaji, cikin ƙaramar hukumar Igabi, har aka yi asarar wajen 40,000. Aka kai samfuri cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, daga nan aka wuce da shi birnin Padova na ƙasar Italiya, sai ranar 8 ga Fabrairu aka sanar wa duniya cewa murar tsuntsaye mai lamba H5N1 ta sauka a nahiyar Afirka karo na farko. Kusan wata guda ke nan da fara mutuwar kajin, ita kuwa cuta ba ta tsaya jiran takarda ba, ta riga ta bi kwanduna da motoci. Masu iya magana kan ce fargar Jaji, ga shi kuwa karin maganar ta faɗo daidai kan garin da ya ci sunan. Bayan shekara guda, a Janairun 2007, wata mace 'yar shekara 22 ta rasu a Ikko, gwaji ya nuna cewa wannan murar ce ta kashe ta. Daga Arewa ta ɓulla, a Kurmi ta ɗauki rai.

Wannan firgici ne ya sa Gwamnatin Tarayya, da tallafin Amurka, ta kafa tsarin sa ido kan mura, aka soma ɗaukar majina a 2008. Asibitoci nawa aka fara da su? Huɗu. Asibitin Asokoro a Abuja, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jihar Ikko a Ikeja, da na Jami'ar Nnamdi Azikiwe a Nnewi. Huɗu, a ƙasa mai jihohi 36 wadda ƙidayar 2006 ta ce mutanenta sun haura miliyan 140, kuma babu ko ɗaya a jihar da abin ya fara. Ba mu raina aikin da suka yi ba. Daga Afrilun 2009 zuwa Agustan 2010 sun gwada majinar mutum wajen 2,800, aka sami infuluwenza a kusan kashi takwas cikin ɗari, wanda ya rufe bakin masu cewa wannan ciwo na ƙasashen ƙanƙara ne. To amma wa ke zuwa asibitin koyarwa? Manomin citta na Kwoi ba ya zuwa, matar Bafulatani daga rugar Laduga ba ta zuwa, ɗan ƙwadagon da ke sauke buhunan masara a Godogodo ba ya zuwa. In suka yi tari suka mutu, a littafin hukuma ba su taɓa yin tari ba.

Mai karatu zai ce, to don me Kafanchan, alhali ga garuruwa da yawa da ba su da wannan gata? Domin Kafanchan mararraba ce, kuma mararraba aka haife ta. Tun 1927 layin dogo da ya taso daga Fatakwal ya ratsa Inugu da Makurɗi ya rabu biyu a nan, reshe ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya ya hau Jos. Wanda ya san tarihi ya san abin da hanya ke ɗauka ban da fasinja. Babbar murar 1918, wadda tsofaffi ke kira Marisuwa, jirgin ruwa ne ya sauke ta a Ikko cikin watan Satumba, jirgin ƙasa da jiragen kogi suka raba ta ga sauran ƙasa cikin 'yan makonni, kuma masana tarihi sun ƙiyasta cewa ta kashe mutum wajen rabin miliyan a Nijeriya. Yau jirgin ya daɗe da daina kai-komo a layin gabas yadda ya saba, amma tirela da motar dare sun gaje shi, sun kuma fi shi sauri. Mutumin da ya ɗauki mura a tashar Agege ran Litinin, ran Talata yana gaisawa da kakarsa a Zonkwa, tun ciwon bai bayyana a jikinsa ba. Ku duba lokacin da kuke tururuwar komawa gida hutun ƙarshen shekara: tsakiyar hunturu ne, ƙura ta bushe hanci da maƙogwaro, an rufe tagogi, mutum goma a ɗaki ɗaya.

Akwai kuma dalili na biyu, wanda muke so mu faɗe shi a tsanake domin mun san halin masu neman abin faɗa. A Katsit, gefen Kafanchan, akwai kasuwar aladu da ke ci duk ranar Alhamis, wadda ake lissafawa cikin mafi girma a ƙasar nan, kuma daga nan ake loda dabbobi zuwa biranen Kudu. Masana sun tabbatar cewa alade yana iya ɗaukar murar tsuntsu da ta mutum a lokaci guda, su cakuɗa a jikinsa su haifi sabuwa. Ta irin wannan hanya aka sami murar H1N1 da ta ɓulla a Meziko da Amurka a 2009, ta game duniya cikin 'yan watanni. Kada wani ya ɗauki wannan ya mai da shi sandar dukan maƙwabcinsa. Murar Jaji daga kaji ta fito, kaji kuwa kowa na kiwonsu, Musulmi da Kirista. A 2021 ma, da aka ɗauki majinar masu aiki a gidajen kaji a Kano da Filato, an sami alamar cutar a jikin mutum bakwai waɗanda ke tafiya da ƙafarsu. Mai kiwon alade da mai fige kaza duk talakawa ne masu neman halaliyarsu, su ne kuma na farko da sabuwar cuta za ta kayar. Inda dabba da mutum da mota suka haɗu, nan ya kamata a tsayar da mai gadi. Ga Vom can bayan duwatsun Kagoro don gwada na dabba, ga babban ɗakin binciken NCDC a Gaduwa ta Abuja don gwada na mutum, dukansu tafiyar 'yan sa'o'i.

Mun san amsar da ake bayarwa a ofisoshi. Ta farko ita ce, ai mura ce kawai, mu da ke fama da zazzaɓin cizon sauro da kwalara ina mu ina ɓata lokaci kan majina. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa infuluwenza na kashe mutum 290,000 zuwa 650,000 kowace shekara. RSV ta kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar kimanin 100,000 a 2019, kusan dukansu a ƙasashe matalauta irin tamu. Asusun UNICEF ya ce ciwon huhu ya kashe yara 162,000 a Nijeriya a 2018, adadin da ya fi na kowace ƙasa a duniya. Ciwon huhun nan kuwa sau da yawa mura ce ke buɗe masa ƙofa. Kuma ku da kanku kun san abin da ke faruwa in zazzaɓi ya kama mutum a ƙauye. A tafi kemis, a ce maleriya da taifot ne, a haɗo masa allura da kafso kala uku. Kafso ba ya taɓa ƙwayar bairos ko kaɗan. Kuɗin da kuka tara da gadi da turin baro da sayar da tumatir ya tafi a banza, ƙwayoyin bakteriya kuma sun ƙara koyon yadda za su bijire wa maganin, ta yadda ranar da ake buƙatarsa da gaske ba zai ci ba.

Amsa ta biyu ita ce babu kuɗi. Wannan ita ta fi ba mu haushi. A Abuja ɗin nan shugabannin Afirka suka taru a 2001 suka yi alkawarin ware kashi goma sha biyar cikin ɗari na kasafin kuɗi domin lafiya, mu masu masaukin baƙi kuwa shekara da shekaru muna yawo a wajajen kashi biyar. Aikin sa ido kan mura an gina shi ne bisa aljihun baƙo, ga shi a Janairun 2025 shugaban Amurka ya sa hannu kan umarnin fitar da ƙasarsa daga Hukumar Lafiya ta Duniya, ya kuma datse tallafin da take bayarwa a ƙasashen waje. Wanda ya dogara da tukunyar maƙwabci, ran da aka rufe ƙofa da yunwa zai kwana. Me ma ake nema? Tsinkayen auduga da kwalabe, firji mai aiki da hasken rana, akwatin ƙanƙara, ma'aikata biyu ko uku da za a horar, da motar da za ta kai samfuri Abuja sau ɗaya ko biyu a mako. Kuɗin motar alfarma ɗaya daga jerin gwanon manya zai riƙe wannan aiki tsawon lokaci. Ma'aikata ba sai an yi odarsu ba, ga makarantar koyon aikin jinya da ungozoma a cikin garin. Ita ma na'urar GeneXpert da ake gwada tarin fuka da ita a manyan asibitocin gwamnati an yi amfani da ita wajen gwada korona a 2020, kuma akwai kayan gwajin da ke sa ta rarrabe infuluwenza da RSV da korona daga tsinke ɗaya. A 2025 Gwamnatin Tarayya ta amince da kafa Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Kafanchan. Madalla. Amma canza allon bakin ƙofa ba ya gano cuta, kuma yanzu da ake tsara ayyukan cibiyar ne ya kamata a shigar da wannan, tun ƙasa na ɗanye.

Wanda ke shakkar abin da rashin gwaji ke jawowa ya tuna Kano a watan Afrilu na 2020. Masu haƙa kabari suka riga likitoci sanin cewa wani abu na faruwa, ɗakin gwaji ɗaya tilo da ke birnin kuma ya tsaya da aiki na 'yan kwanaki a daidai lokacin. A watan Yuni Ministan Lafiya, Dokta Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga rasuwar mutum 979, kuma mai yiwuwa kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari korona ce sanadi. Ta yaya aka sani? Ta bin gidajen makoki ana tambayar dangi yadda mamaci ya yi jinya. Wannan a Kano ne, mai asibitin koyarwa da manyan likitoci. Ku ƙiyasta abin da zai faru a Sanga ko Kauru.

Yanzu kuma sai mu juyo kanmu. Akwai masu yawo da magana a tasha da majalisa da wayar hannu cewa tsinken nan cuta ake sa wa mutum da shi, ko wani abu ake dasa masa a ƙwaƙwalwa. Ba mu ce tsoron jama'a ba shi da tushe ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Kano, cikin yara 200 da aka sa a gwajin goma sha ɗaya suka rasu, aka yi ta shari'a har aka sasanta da Gwamnatin Kano a 2009 kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Amma mun ga abin da ƙauracewar allurar shan inna ta 2003 ta haifar: yaranmu ne suka shanye, cutar kuma ta tsallaka ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Tsinken auduga ba ya ba da kome, ɗauka yake yi, kuma abin da yake ɗauka shi ne wanda kowa ke fyacewa a bakin hanya. Abin da ya wajaba mu tsaya a kai shi ne sharuɗɗa: a buɗe tsinken daga ledarsa a gaban mutum, a yi masa bayani da harshen da yake ji, a nemi yardarsa, kada a karɓi ko kwabo, kuma a dawo da sakamako.

Wannan na ƙarshen shi ne inda hukumomi suka saba cin amana. A zo da farar mota, a ɗauki jini ko majina, a tafi, ba a sake jin ɗuriyarsu sai a takardun taro a ƙasar waje. Gaskiya ne sakamakon irin wannan gwaji ba kullum yake riskar mai ciwon yana kwance ba, amfaninsa ya fi komawa ga wanda zai kamu gobe. To ai shi ya sa ya zama dole gari ya ji. Kuma akwai babban ciniki a bayan 'yar kwalbar nan da ya kamata ku sani. Tun 1952 Hukumar Lafiya ta Duniya ke tattara ƙwayoyin mura daga ƙasashe, ana nazarinsu a cibiyoyi irin na Landan da Atlanta da Tokyo, kana sau biyu a shekara, a Fabrairu da Satumba, a yanke irin da za a sa cikin allurar rigakafi. A 2007 ƙasar Indunusiya ta ƙi ci gaba da ba da samfurinta na murar tsuntsaye, ta ce ba za ta ba da ƙwaya kyauta a sayar mata da allura da tsadar da ba za ta iya ba. Aka zage ta, amma a 2011 aka ƙulla yarjejeniyar da ta wajabta wa kamfanonin da ke amfana su ba da gudummawa, su kuma keɓe wani kaso na allura domin ƙasashe matalauta in annoba ta zo. Allurar mura ba ta cikin jerin rigakafin da gwamnati ke yi wa jama'a kyauta a ƙasar nan, kuma ba za ta shiga ba muddin babu alƙaluman da ke nuna wa take kashewa, a wane wata, a wane gari. Ƙasar da ba ta ƙirga marasa lafiyarta ba ta da bakin magana a wurin rabo.

Kuna da ƙungiyoyin ci gaban garuruwa a kowane birni na Kudu, na Bajju da Atyap da Ham da Fantswam da Agworok, ga majalisun Sarakunan Hausawa na Agege da Sabo, ga ƙungiyoyin direbobi da na fataken dabbobi. Kun gina azuzuwa, kun haƙa rijiyoyin burtsatse da kuɗin karo-karo. Sanatan Kaduna ta Kudu da 'yan majalisar wakilai na yankin suna zuwa tarukanku neman goyon baya, suna karɓar rawani da lambar yabo. In sun zo, a miƙa musu takarda mai sa hannun kowa, kwafi ɗaya zuwa Ma'aikatar Lafiya ta Jiha, ɗaya zuwa NCDC, a nemi a sa asibitin Kafanchan cikin asibitocin da ke ɗaukar majina kowane mako, da layin kuɗinsa a kasafin gwamnati, a haɗa da ma'aikatan kasuwar Katsit da na gidajen kaji. A nemi kuma a riƙa manna sakamakon kowane wata a bangon asibiti, a karanta shi a rediyo da Hausa da Fulatanci da harsunan yankin, domin malamin asibiti na Fadan Kagoma ya san abin da ke yawo kafin ya rubuta magani. A tambaye su ranar da za a fara, a rubuta ranar a littafin ƙungiya, a kuma aika wakili ya je ya gani da idonsa kafin hunturu mai zuwa ya kama.